Hantar da Jikin Yaya Ya Ƙi

Yayana ya dawo daga Ingila da hantar wani a cikinsa. A shekarun nan na mulkin soja ba mu taɓa jin wani ɗan Kaduna da aka yi wa haka ba. Babban ma'aikaci ne a gwamnatin jiha. Ciwon hanta ya ci shi har cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka daina shiga takalmi, sai gwamnati ta fitar da shi. Aka yi sa'a wani ya rasu a can, aka ciro tasa aka dasa wa Yaya. Sai da ya yi wata biyar kafin su sallame shi, da jaka guda cike da magani da wata doguwar wasiƙa zuwa ga duk likitan da zai duba shi a gida.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, shi babba ni auta, shekara goma sha huɗu a tsakaninmu. Babanmu tela ne a Rafin Guza, ya rasu ina aji uku na firamare. Yaya ne ya riƙe ni, ya sa ni makarantar koyon tafireta, ya samo mini aiki a wani kamfanin gine-gine. Lokacin da ya dawo aurena ya riga ya mutu, ina zaune a gidansa na Unguwar Rimi tare da matarsa, wadda nake kira Anti. Tun da na yi wayo ban taɓa musa masa magana ba.

Sati biyu gidan bai rabu da jama'a ba. Wasu barka suka zo yi, amma da yawa kallo ne ya kawo su. Wani ya tambaya ko mai hantar Musulmi ne. Wani ya ce ko an bincika ba mashayi ba ne. Har da wanda ya roƙi Yaya ya ɗaga riga ya ga ɗinkin, Yaya kuma ya ɗaga yana dariya.

Maganin safe da yamma ake sha, har ƙarshen rai. Ranar da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Jikina ne bai san alheri ba, Auta. Gani yake hantar nan baƙuwa ce, in aka ƙyale shi far mata zai yi. Maganin nan shi ke riƙe masa hannu."

Sai dai maganin ya zo da nasa. Fuskar Yaya ta yi suntum, dasashinsa ya kumbura ya hau kan haƙora, gashi ya fito masa har a kunne. Duk wannan bai dame shi ba kamar rawar hannu. Yaya mutum ne mai kyan rubutu, tun yana makaranta shi ake ba wa allo ya rubuta sanarwa. Da ya koma aiki, shayi ya zube masa a riga a tsakiyar taro. Wata rana kuma aka dawo da wani fayil daga ofishin sama, wai sa hannun da ke ciki ba nasa ba ne, a bincika. Daga nan aka fara raɗe-raɗin za a yi masa ritaya saboda rashin lafiya, shi da bai kai hamsin ba.

Wata Asabar da la'asar na kai masa ruwa a baranda don ya sha maganin yamma. Ya ɓallo ƙwayar, ya dube ta, ya jefa a aljihun rigarsa, ya shanye ruwan. Da ya ga na tsaya sai ya miƙo hannunsa na dama ya buɗe yatsu.

"Duba. Yana rawa?"

"Kaɗan, Yaya."

"Da fa? Na safe kawai nake sha yanzu, sati uku ke nan, kuma ga ni garau. Turawan nan sun auna maganin ne da jikinsu, ba da namu ba." Ya miƙo mini kofin. "Amana na ba ki. Kada kowa ya ji, ko Antinki."

Na ce, "To, Yaya."

Kusan wata uku komai lafiya. Fuskarsa ta saɓe, rubutunsa ya dawo, har na fara gaya wa kaina ƙila shi ke da gaskiya. Sai ƙaiƙayi ya fara. Zai zauna a falo yana susar tafin hannu da ƙasan ƙafa, ba ƙurji ba komai. Bayan haka gajiya, da ɗan zazzaɓi da yamma. Anti ta ce mini fitsarinsa ya koma kamar shayi.

Akwai wani babban likita mai asibitin kansa, abokin Yaya tun makarantar kwana, wurinsa muka fara zuwa. Suka gaisa, suka yi hirar tsofaffin malamansu, ya taɓa goshin Yaya ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi allurai na kwana uku. Da bai sauka ba ya ce taifot ce, aka ƙara wasu ƙwayoyin na kwana goma. Ni na miƙa masa wasiƙar Ingila da hannuna. Ya duba shafin farko, ya ce, "Na san waɗannan abubuwan," ya jefa ta a durowa. Ranar da idon Yaya ya fito rawaya ƙarara, sai ya ce magungunan Turawan ne suka yi wa hantar ƙarfi, a rage su zuwa rabi. Bai san an riga an rage ba. Na ga yadda Yaya ya saki fuska a mota, kamar wanda alƙali ya wanke.

Inna kuwa ta taso daga Rafin Guza da jiƙon saiwar rawaya a galan, ta ce shawara ce, kuma shawara ba ta son allura. Yaya ya sha don kada ranta ya ɓaci.

Wata nas da ke zuwa yi masa allura a gida ita ta ja Anti gefe, ta ce akwai wata likita da ke zuwa asibitin gwamnati daga Zariya duk Talata, ta yi karatu a kan ciwon hanta, mu kai shi. Sai da na je sau biyu kafin abokin Yaya ya ba ni wasiƙar, yana cewa, "Yarinyar nan me ta sani da ban sani ba?"

Ba yarinya ba ce, za ta yi shekara arba'in, siririya, ba ta da yawan fara'a. Ta karanta wasiƙar tun daga farko har ƙarshe, ta koma ta sake. Ta kwantar da Yaya ta danna cikinsa, ta duba idonsa da sawun susa a ƙafafunsa, sannan ta zauna ta yi mana bayani da Hausa, ni da shi da Anti.

"Ranka ya daɗe, abu huɗu nake tunani. Ko tsohon ciwon ne ya dawo ya kama sabuwar hantar. Ko hanyar da ruwan ɗaci ke bi ce ta toshe a inda suka ɗinka. Ko wata cuta ce ta samu shiga, tunda maganin yana raunana garkuwar jiki. Ko kuma jikinka ne ya fara ƙin hantar. A ido duk kamarsu ɗaya, a gwajin jini ma sun yi kusa da juna. Amma maganinsu ya saba. In cuta ce ta shiga, na ƙara maka maganin danne garkuwa, na kashe ka. In jikinka ne ke ƙin ta, na bar maganin a rage, na kashe hantar."

Ta ce akwai gwajin da ake auna yawan maganin a cikin jini, wanda da akwai shi a kusa da ta huta, amma ba a yin sa a Kaduna, ba a yi a Zariya. Don haka ba ta da abin dogara sai bakinsa.

"Kafin wancan likitan ya rage maka, kana sha yadda suka rubuta? Safe da yamma?"

"Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba," in ji Yaya.

Ta juyo wurina. "Uwargidansa ta ce ke kike kai masa ruwan maganin. Haka ne?"

Yaya bai ko dube ni ba, agogonsa yake gyarawa. Ya san ba sai ya duba ba. Na kalli siminti na ce, "Haka ne, Likita."

Ta rubuta. Ta ce a mayar da maganin yadda yake a wasiƙa, amma tunda cikin ƙa'ida yake sha lokacin da ciwon ya fara, bari ta fara kawar da sauran ukun. Aka yi hoton ciki, hanyar ɗaci a buɗe take. Aka ɗebi jini aka kai Zariya don neman tsohon ciwon, sai da ya kwana goma sha biyu kafin ya dawo, babu shi. Aka nemi wata cutar a jini da fitsari, ba a samu ba. Duk Talata muna layi, duk Talata idon Yaya na ƙara rinewa.

A ofishinmu akwai na'urar faks, manajanmu ya ba ni izini in yi amfani da ita. Likitar ta rubuta bayani da sakamakon gwaje-gwajen, ni na buga a tafireta, na yi kwana biyu ina fama da layi kafin takardar ta wuce. Amsar Ingila ta zo bayan kwana huɗu, ina tsaye a gaban na'urar tana fitowa. Layin farko tambaya ce, an ja mata layi a ƙasa: shin an tabbata yana shan maganinsa cikakke? Na biyu kuma, a ciro ɗan yanki na hantar a duba ba tare da jinkiri ba. Na naɗe takardar na kai wa likitar. Ta karanta a gabana, ta ɗaga ido ta dube ni, na yi mata sallama na koma ofis.

Ta bayyana mana yadda ake yi. Allura ce doguwa ake sokawa ta tsakanin haƙarƙari a ciro tsoka kamar zare, a duba ta a madubin likita. Ta ce ita kaɗai ce hanyar da za a san gaskiya. Nan Inna ta tubure.

"An farke mini ɗa kamar rago a ƙasar da ba na nan, na yi shiru. Yanzu kuma a gabana za a huda shi? Hantar da aka lallaɓa aka ɗinka ita za a tsokana da ƙarfe? Ban yafe ba in aka yi."

Yaya, mutumin da ke juya ma'aikata ɗari, ya ce ba zai tsallake maganar Inna ba. Abokinsa likita ma ya zo dubiya ya ƙara mata ƙarfi, wai allurar nan tana sa zubar jini. Kwana goma sha shida aka yi ana wannan ja-in-ja. Ni na fi kowa sanin abin da za a gani in an duba, kuma kalma ɗaya daga bakina za ta iya sa likitar ta fara magani ba tare da jiran allurar ba. Kullum in na fito wanka sai in ce yau zan faɗa. In na shiga gaishe shi, na gan shi a zaune da matajin Anti yana kartar ƙafa har jini, sai ya ce, "Auta, an tashi lafiya?" Sai in ce lafiya lau, in wuce ofis.

Ranar da ya kasa tashi ya yi alwala da kansa Inna ta sauko. Aka kwantar da shi a asibiti, aka yi masa allurar da ke taimaka wa jini daskarewa, washegari da hantsi aka yi. An bar ni a ɗakin don in riƙe masa hannu. Likitar ta shafa magani a gefen damansa, ta kashe wurin, ta ce, "Ranka ya daɗe, fitar da numfashi, ka riƙe." Kafin in ƙifta ido ta soka ta zare. Abin da ya fito bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, siriri, kore-kore. Ta saka shi a wata 'yar kwalba mai ruwa, ta liƙa takarda. Na tsaya ina kallon abin da aka yi kwana goma sha shida ana faɗa a kansa.

Motar asibiti ba mai, lokacin wahalar fetur ce, ita kuma likitar sai Alhamis za ta koma Zariya, inda za a duba tsokar. Na ce ni zan kai. Na naɗe kwalbar a ɗankwali na sa a jaka, na hau tasi zuwa tashar Kawo. Awa uku muna zaune a cikin bas ana jiran direba ya dawo da jarka. Matar da ke kusa da ni ta ga na rungume jaka a ƙirji ta ce, "Baiwar Allah, zinariya ce a ciki?" Na ce magani ne.

A Zariya na tarar ma'aikatan ɗakin gwaji suna yajin aiki. Wani dattijon likita, wanda aikinsa ke nan duba irin wannan tsoka, shi kaɗai ne a ofis. Ya karanta takardar, ya ce a duk shekarunsa bai taɓa duba hantar dashe ba sai a littafi, amma zai yi da hannunsa, in dawo bayan kwana tara. Da na koma ya zaunar da ni, ya ce in sa ido a madubin. Ni dai ja-ja na gani da ɗige-ɗige shuɗaye.

"Shuɗayen nan dakarun jikinsa ne," in ji shi. "Nan kuma, da nan, ya kamata a ga 'yan ƙananan hanyoyin da ruwan ɗaci ke fita. Na ƙirga, yawancinsu babu, an cinye su. Jikinsa ne ke ƙin hantar. Kuma 'yata, wannan ba ɓarnar sati biyu ba ce, an daɗe ana yin ta."

Likitar ta karanta sakamakon a tsaye a barandar asibiti. Ta ninke takardar, ba ta shiga wurin Yaya ba, ta ce da ni, "Tun yaushe ya rage?"

Na gaya mata duka, har da ranar Asabar ɗin.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Da na ji wannan ranar farko, da a ranar zan ɗaura masa magani mai ƙarfi. Sati bakwai na yi ina neman abin da bai ɓata ba."

"Da ya warke, Likita?"

"Ban sani ba. Ƙila an riga an makara tun kafin ku zo wurina, ƙila kuma da an ceto wani abu. Ba zan ce miki eh ba, ba kuma zan ce a'a don ki ji sanyi ba."

Aka ɗaura masa maganin ta ƙarin ruwa kwana uku a jere. Zazzaɓin ya sauka, idon bai washe ba. Ingila suka amsa cewa hanyoyin da suka mutu ba sa dawowa, sai dai a sake wani dashen, in ya iya zuwa. Aka buɗe fayil a ma'aikatarsu. Fayil ɗin na yawo daga tebur zuwa tebur, sai ga masinja ya kawo wa Yaya takarda har gadon asibiti, an yi masa ritaya saboda rashin lafiya. Ya karɓi biro ya sa hannu ya karɓa, hannun na rawa, don an mayar da maganin cikakke.

Ya gane na faɗa, domin likitar ta tambaye shi a gaban Anti. Da suka fita ya ce, "Ke kika gaya mata?" Na ce ni ce. Ya juya fuska bango. Kwana biyar bai amsa gaisuwata ba. Rana ta shida ya ce, "Auta, zo ki sosa mini baya," na je na sosa. Ba mu sake tayar da maganar ba. Bai ce ya yafe mini ba, bai kuma nemi in yafe masa nauyin da ya ɗora mini ba. Ya rasu da damina, wata huɗu bayan allurar, a gida, da rana tsaka.

A zaman makoki na ji abin da na ji. Waɗanda suka zo kallon ɗinki su ne suka dawo suna cewa dama hantar wani ba ta zama a jikin wani. Abokinsa likita ya zauna a tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa, yana faɗa wa mutane irin ƙoƙarin da ya yi. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana cewa allurar nan ce ta kashe mata ɗa, kuma ni na riƙe hannunsa aka soka. Na bar ta a kan haka. In na gaya mata gaskiya, ɗanta zan ɓata mata, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. An ce kwana ne ya ƙare, na yarda, ni Musulma ce. Amma an tambaye ni, na kuma yi ƙarya, wannan ba kwana ba ne ya sa ni.

Bayan Anti ta fita takaba gwamnati ta ce mu tashi daga gidan. Muna ɗaure kaya, ni da ita a ɗakinsa muna ninke rigunansa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na san ya rage tun farko. Ni nake ba da wanki, ina lalube aljihu. Kullum sai na sami ƙwayar."

Na ajiye rigar da ke hannuna. "Anti, kina zaune a wurin ranar da likitar ta tambaya."

"Ina zaune. Ke ta tambaya. Na ce a raina ke ce jininsa, in kin faɗa zai haƙura, ni in na faɗa na tona wa mijina asiri a gaban bare. Da na ji kin ce haka ne, sai na ce to, wa ya aike ni."

Muka ci gaba da ninkewa har muka gama, aka raba rigunan ga dangi. Ni na koma Rafin Guza wurin Inna. Anti ta yi aure bayan shekara biyu, tana nan Kawo har yanzu, ba nisa. Mukan haɗu a gidan biki ko suna, mu gaisa, in tambayi yara, ta tambayi aiki, kowa ta nemi wurin zama a wani ɓangaren.